A Koyi Duban Saniya Kafin A Ɗora Ta A Mota

Hanyar da ta taso daga Akwanga ta ratsa Lafiyar Barebari, babban birnin Jihar Nasarawa, ta gangara gadar Makurɗi, tana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da shanun Arewa ke bi su shiga Kudu. Dare da rana manyan motoci ne ke wucewa a kanta maƙare da shanu, wasu za su Inugu, wasu Anaca, wasu Aba, wasu har Fatakwal. Waɗansu shanun daga nesa aka ɗauko su, waɗansu kuwa daga rugagen ƙasar Lafiya ne, da na Doma da Awe da Keana da Obi. Kowace saniya da ke cikin waɗannan motoci dukiyar wani ce, kuma gobe abincin wani ce. Saboda haka lafiyarta ta shafi mutane da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe sandar kiwo ba.

A cikin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu akwai iri uku da wannan magana ta fi shafa. Akwai wanda ya yi shekaru yana gadi ko dako ko tireda, yana tara abin da ya samu yana aikawa gida a saya masa karsana a ba makiyayi amana, wato garken shi ne bankinsa. Akwai fatake da dillalan da ke karɓar shanu a kara, irin ta Akinyele a Badun ko ta Oko-Oba a Agege. Akwai kuma mahauta da masu tsire da balangu, waɗanda da hannunsu naman ke isa bakin jama'a. Dukkansu suna bukatar ilmi ɗaya, shi ne gane saniya marar lafiya tun ciwon bai ci ƙarfinta ba, da sanin abin da ya wajaba a yi idan an gane. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, amma jikinta yana faɗa wa mai lura.

Mafarin wannan ilmi shi ne sanin kamannin lafiyayyar saniya. Takan bi garke ba a ja ta ba, idonta garau, kunnuwanta da wutsiyarta suna motsi suna korar ƙuda. Gashinta a kwance yake yana sheƙi, kan hancinta kuwa da danshi da sanyi. Idan ta ƙoshi ta kwanta sai ta shiga tuƙa, takan kwashe sa'o'i da dama kowace rana tana yi. Numfashin babbar saniya da ke hutawa bai cika wuce sau 30 a minti ɗaya ba, zafin jikinta kuma yakan tsaya wajen digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin zafin jiki. Wannan ma'auni ɗan ƙarami ne, ana samunsa a kantin magani, kuɗinsa kuma bai kai na ƙafar sa guda ba, amma rugage nawa ne ke da shi?

Idan ciwo ya shiga, alamun farko kusan iri ɗaya ne ko wace cuta ce. Saniyar takan ware daga 'yan'uwanta, ta riƙa zama a baya idan an kora garke. Takan rage cin ciyawa, ta daina tuƙa, kan hancinta ya bushe, gashinta ya tashi, kunnuwa su sauka. Mai tatsa ita ce ta fi saurin ganewa, domin nono ke fara raguwa kafin kome ya bayyana. Lokacin da ya fi dacewa da duba shi ne da sassafe kafin a kwance su, sa'ad da za a ga wadda ta yi nauyin tashi, a ga kashin da kowace ta yi cikin dare, ko zawo ne, ko da jini, ko da majina. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, aikin farko shi ne ya raba ta da sauran, ya raba mata wurin shan ruwa, sa'an nan ya ci gaba da bincike.

Ciwon huhu yana cikin waɗanda suka fi yi wa garkunan Nijeriya ɓarna tun bayan tafiyar bushiya. Saniyar da ya kama takan tsaya a inuwa ta miƙe wuya, ta buɗa ƙafafun gaba, tana numfashi da ƙyar tana nishi, ga busasshen tari wanda ke ƙaruwa idan an kora ta da gudu. Ta numfashi yake yaɗuwa, saboda haka cunkoso a mashaya da kara da cikin mota shi ne abincinsa. Mugun halinsa guda biyu ne. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, a jikin dabba kafin ya fito fili. Sa'an nan wadda ta yi kamar ta warke tana iya riƙe ƙwayar cutar a huhunta tana raba wa wasu. Don haka karsanar da aka saya da araha bayan ta yi fama da tari tana iya zama sanadin rushewar garken da aka yi shekara goma ana tarawa.

Boru kuwa ba ya ɓuya. Za a ga saniya tana dalalar da miyau kamar igiya, tana tauna baki, tana ɗingishi. Idan aka buɗe bakin sai a tarar da ƙuraje masu ruwa ko gyambo a harshe da dasashi, haka kuma a tsakanin kofato da kan nono. Manyan shanu galibi sukan tashi bayan mako biyu ko uku, shi ya sa wasu ke raina shi. Amma yana kashe 'yan maruƙa, yana ƙafar da nono, yana kuma kwantar da shanun huɗa daidai lokacin da manomi ke bukatarsu. Wajen saurin yaɗuwa ba shi da na biyu, har takalmin mutum da tayar mota da igiyar ɗauri suna ɗaukarsa daga wannan ruga zuwa waccan.

Ƙasar Lafiya ƙasa ce mai rafuka da kurmi, abin da ya sa ciyawarta ke jawo makiyaya da rani, shi ne kuma ya sa ta zama gidan ƙudan tsando mai kawo sammore. Sammore ba ya gaggawa. Saniya tana ci amma tana ramewa, haƙarƙari ya fito, idanu suna zubar da hawaye, kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa, gashin wutsiya ya zube, wani lokaci a ga tana lasar ƙasa. Idan aka ɗaga fatar ido aka ga cikinsa ya yi fari maimakon ja-ja, jini ya ragu ke nan. Tsofaffin ƙasar ba su manta da aikin da aka fara a 1979 ba, wanda Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. A Vom aka riƙa renon ƙudan, ana kashe wa mazan ƙarfin haihuwa, ana sako su a wani yanki na ƙasar Lafiya mai faɗin murabba'in kilomita 1,500, har aka share irin tsandon da ke bin bakin rafi daga wurin. Da aikin ya tsaya, ƙudan ya sake shigowa daga dazuzzukan maƙwabta. Saboda haka mai shanu a wannan yanki kada ya saki jiki.

Akwai waɗansu cututtukan da ke bin yanayi. Shanun da suka yi rani a fadama sukan kwaso tsutsar hanta, wadda ke renuwa a jikin 'yan ƙananan katantanwa na bakin ruwa. Alamarta rama da zawo da kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa, mahauci kuma yakan tarar da hantar ta yi tauri ta lalace. Da damina kirci ke tashi, gashi ya dunƙule ya yi ɓawo a gadon baya, ya ɓata kirgi ya rage masa daraja, ya fi kuma tsananta inda kaska ta yi yawa. Ita kaskar tana ɗauke da wata cuta mai sa zazzaɓi mai zafi da jan fitsari. Wanda ya ga fitsarin saniyarsa ya koma ja ko ya yi duhu, kada ya bari a kwana biyu ba a nemi ma'aikacin dabbobi ba.

Cututtuka biyu ne ba su ba da lokacin shawara. Harbin daji yakan zaɓi matasan shanu masu ƙiba, 'yan wata 6 zuwa shekara 2. Maraƙi zai fara ɗingishi, cinya ko kafaɗa ta kumbura, idan aka danna sai a ji tana ƙaras-ƙaras kamar akwai iska a ƙarƙashin fata, cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Na biyu shi ne ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Sau da yawa alamarsa ta farko ita ce a wayi gari a tarar da saniyar da ta kwana lafiya ta mutu, cikinta ya kumbura da wuri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Irin wannan gawa ba a feɗe ta, ba a cire fatarta, ba a ja ta a ƙasa. Idan aka buɗe ta, ƙwayar cutar takan shiga ƙasa ta zauna shekaru masu yawa tana jiran wani garke. Tana kuma kama mutum ta rauni a hannu, ko ta cin naman, ko ta shaƙa. A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, kafin watan ya ƙare kuma aka sami dabbobi masu ita a Legas. Tun kafin nan hukuma ta ja kunnen jama'a kan cin ganda saboda ɓarkewar cutar a arewacin Gana. Masu sana'ar nama a Kudu sun ji wannan a aljihunsu.

Bayan saifa akwai waɗansu biyu da ke tsallakawa daga saniya zuwa ɗan Adam a ɓoye. Bakkale yana sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta ƙi fita, gwiwoyi su kumbura. Mutum yakan ɗauke shi ta shan nonon da ba a tafasa ba, ko ta taɓa ɗan tayin da hannu tsirara, sai ya yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ana ta ba shi maganin cizon sauro a banza. Haka kuma tarin fuka na shanu, mai sa daɗaɗɗen tari da rama. Mahaucin da ya tsaga huhu ya ga ƙulli-ƙulli masu farin abu a ciki kamar cuku, ya san abin da ya gani, yanke wurin a jefar a sayar da saura kuma ba shi ne magani ba. Mai duba nama na hukuma shi ke da ikon yanke hukunci a kan irin wannan.

Tarihin bushiya ya isa ya zama darasi. Wajen 1890 ta ratsa ƙasar Hausa da Barno ta kusa ƙarar da shanu, ta bar masu garkuna da sanda kawai. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗa kai suka fara babban gangamin allurar riga-kafi, cutar ta lafa har aka ɗauka ta tafi. Aka sassauta allura, aka sassauta sa ido. A 1983 sai ga ta ta dawo, shanu suna zubar da kwantsa da majina, baki ya yi gyambo, ga zawo mai wari, dubban ɗaruruwa suka mutu a Nijeriya. Abin da ya ƙara mata gudu shi ne yadda masu shanu suka riƙa tserewa da garkunansu ko su kai su kara da zarar sun ga alama, ba su san da cutar suke tafiya ba. Sai a 2011 aka yi shelar kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka bayan agana. An kai ga wannan ne da allura, da kuma makiyayan da suka gane alama suka kai rahoto.

A nan ne maganar ta iso ƙofar mazauna Kudu. A da, shanun fatauci da ƙafa suke gangarowa ta burtali, tafiyar makonni, suna tsayawa a tashoshin duba dabbobi ana yi musu allura ana ba da takarda. Wadda ta taso da ciwo, kafin ta kai Kurmi ya bayyana. Yanzu mota tana ɗauke saniya daga ƙasar Lafiya ta sauke ta a Kudu cikin kwana ɗaya ko biyu, ciwon yana ɓoye a jikinta, ga wahalar tafiya da ƙishirwa da cunkoso masu tayar da shi. Wannan sauƙi ya haifar da wata muguwar al'ada, wato da an ga saniya ta fara sanyi sai a yi maza a ɗora ta a mota don kada a yi asara, ko kuwa a sa mata wuƙa tana gargarar mutuwa a kai naman kasuwa. Mai yin haka bai kauce wa asara ba, ya ɗauke ta ne ya ɗora wa wani, ya kuma ƙara da cutar da ya zuba wa duk shanun da suka haɗa mota da ita. Ɓoye aibin kaya ga mai saye abu ne da addini da al'adar kasuwa duka suka hana.

Ban da dukiya da lafiya, akwai mutunci. Cinikin shanu tsakanin Arewa da Kudu ya daɗe yana tafiya a kan yarda, maigidan fatake yana tsaya wa baƙonsa, ana ba mahauci sa bashi ya biya bayan ya sayar. Baƙo kuwa a garin mutane da sunansa yake cin abinci. Ranar da aka ce wata unguwa ta kwanta saboda naman da aka saya a wurin Bahaushe, ba wanda zai tsaya tambayar wane ne, Sabo gaba ɗaya za a shafa wa, har mai sayar da goro da mai wankin takalmi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Dillalin da ya ƙi karɓar la'ada a kan saniya mai tari yana kare kasuwar kowa ne.

Shi kuma wanda garkensa ke gida yana nan yana nema, bai kamata ya tsaya ga tambayar "Yaya shanu?" a amsa masa da "Lafiya lau" ba. Yanzu da waya ke hannun kowa, ya tambayi makiyayinsa dalla-dalla: akwai mai tari, akwai wadda ta yi ɓari, nono ya ragu, an shigo da baƙuwar saniya, yaushe aka yi allurar huhu ta ƙarshe, akwai rugar da ke kusa da aka yi mutuwa? Ya nemi a ɗauko masa hoton wadda ake shakka. Idan ya aika da kuɗin sayen sabuwa, ya sa sharaɗin a ware ta makonni kafin a haɗa ta da garke. Muhimmi kuma, ya riƙa ware kuɗin allura da na kiran likita kamar yadda yake ware na kanwa da dusa. Makiyayin da ya san maigida zai yi faɗa ya zarge shi idan ya kawo labarin ciwo, shiru zai yi har sai saniya ta faɗi. Wanda ya san za a gode masa, tun da wuri zai faɗa.

Gane alama kuma ba shi ne zama likita ba. Rama tana iya zama sammore, tana iya zama hanta, ko tarin fuka, ko yunwa kawai, kowanne da maganinsa, sau da yawa sai an ɗebi jini ko kashi an auna kafin a bambance. Yau a kowace kara ana baje magungunan dabbobi a rana, har da na jabu, ana tsira wa shanu allura da ka. Ba da rabin ƙima don a yi tattali yana koya wa ƙwayar cuta jure magani, har ranar da za a ba da cikakke ya ƙi ci. Sa'an nan kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda ba a yanka dabbar ko a sha nononta sai sun cika. Wanda ya yi wa sa allura yau ya yanka gobe, ya ciyar da jama'a maganin shanu.

Hukuma ma tana da nata nauyin. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta wajabta wa mai dabbar da ake zargi da mugun ciwo ya ware ta ya sanar. Amma talaka ba zai sanar ba idan ya san sakamakon shi ne a ƙwace masa saniya ba diyya, ko kuwa ya yi ta jiran ma'aikacin da ba shi da abin hawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar riga-kafin huhu da saifa da harbin daji da boru, kuma daga Lafiya zuwa Vom tafiyar 'yan sa'o'i ce. Abin da ake bukata shi ne allurar ta isa ruga da sanyinta a kan kari kowace shekara. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, jama'a kuwa za su auna ta da abin da suka gani a mashaya da kara. Lalle ne Gwamnatin Jihar Nasarawa ta sa ƙwararren mai duba dabbobi a kowace kara ranar kasuwa, a duba kafin a yi lodi, tashoshin kan hanya kuma su koma wurin duba lafiyar shanu maimakon wurin karɓar kuɗi kawai.

Sauran aiki na shugabannin jama'a ne. Sarakunan Hausawa na Kudu da sarakunan pawa da shugabannin fatake suna da ikon da takardar gwamnati ba ta da shi, domin maganarsu ake ji a kara da kwata. Ya kamata su keɓe wuri a gefen kowace kara don dabbar da ake shakka, su gayyaci likitan dabbobi ya riƙa zuwa yana nuna wa yaran dillalai da na mahauta waɗannan alamu a jikin dabba, su kuma yi yarjejeniya da takwarorinsu na Lafiya da arɗoɗin rugage cewa wanda aka kama ya loda marar lafiya da saninsa ba za a sake karɓar kayansa ba. Idan aka yi haka shekara biyu ko uku a jere, mai saye a Aba ko Agege zai san cewa sa da ya fito ta Lafiya an duba shi, kuɗinsa ma zai nuna haka. Allah ya kiyaye dukiyar jama'a da lafiyarsu.